Tuwon Daren Gado

Tun kafin a fara rabon tutocin jam'iyyu a Maraɗi, Gado ya riga ya fi ƙarfin babur. Idan ya tsaya bakin hanya ya ɗaga hannu, 'yan kabu-kabu sai su tuna suna da uzuri a wata unguwa. Ni Zakariya'u, rumfata ta atamfa manne take da shagonsa na hatsi a kasuwa, a gida kuma katanga ce kawai ta raba mu, don haka a kan idona ƙibarsa ta girma. Ban taɓa jin ya yi kuka da ita ba. Cewa yake Allah ne ya ba shi, wanda bai samu ba ya yi haƙuri.

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ne ƙaba ta fito masa a ƙasan cibiya. Da farko ya raina ta, ya ɗaure da ɗamara ya ci gaba da harkarsa. Da ta fara durƙusar da shi a tsakiyar ciniki, babban ɗansa Abdurrazak ya kai shi wurin likita. Shi Abdurrazak ɗalibi ne a Yamai, ya dawo gida ne saboda yajin aiki ya cinye shekarar karatu. Likitan mutum ne mai magana a hankali. Ya duba, ya danna, ya ce sai an yi fiɗa, amma ba zai sa wuƙa a wannan kitse ba. A rage jiki tukuna. Ya ba shi dokoki, babba a cikinsu kuwa ita ce, daga magariba kada ya ƙara kai komai baki sai ruwa.

Wannan doka ita ta kawo rigimar, domin a ƙofar gidan Gado ake ciyayyar layinmu. Bayan sallar isha'i kowane magidanci yakan fito da kwanon da aka dafa a gidansa, a shimfiɗa tabarma, a haɗa, a ci tare. Haka muka tarar iyayenmu na yi. Siyasa ta watsa ciyayyar unguwanni da dama a lokacin, mutanen da suka shekara ashirin suna haɗa hannu a kwano suka koma ko gaisuwa sai ta kama. Tamu ta tsira ne saboda Gado ya ce duk mai tuta ya bar ta a gida, a tabarmarsa jam'iyyar tuwo kawai ya sani. Kuma akwai ƙa'ida wadda ba wanda ya rubuta ta: mai ƙofa shi ke fara sa hannu, kuma ba ya tsame shi sai baƙinsa sun ƙoshi. Idan ya tsame da wuri, kowa ya san an ce masa ya isa.

A cikinmu akwai Mushe Inusa, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, malamin lakwal, wato makarantar boko, mutumin Tsibiri da aiki ya zaunar a Maraɗi. Shi ya koya wa rabin yaran layin karatu, har da Abdurrazak. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge ko da ta tsufa, kuma ya fi kowa jin kunyar a ce ya rasa. Wata da watanni gwamnati ba ta biya albashi ba. Ya sayar da kekensa, ya ce wai likita ya ce tafiya a ƙasa ta fi masa. Duk da haka kowane dare yana fitowa da kwanonsa a rufe. Gado ne ke karɓar kwanukan. Idan ya zo kan na Mushe sai ya ɗan juya baya ga fitila, ya juye abin da ke ciki a babban akushi, ya ce kai, miyar gidan Mushe ba ta da ta biyu. Wata rana ɗan kwaɗon zogale ne a ciki, wata rana ƙanzo, wata rana ni da nake kusa ban ji ƙarar komai ya faɗa ba. In an gama, kowane kwano yakan koma gida da saura don yara, na Mushe kuwa shi ya fi komawa da nauyi. Dukanmu mun sani, kuma da wani ya furta da mun kore shi daga layin.

Gado ya gwada bin dokar likita, kada a ce bai gwada ba. Ranar farko ya zauna a wurinsa da butar ruwa a gefe, ya yi mana bayani, ya ce mu ci don Allah kada mu damu da shi. Muka ci, amma cin bai yi daɗi ba. Mutum na kallonka da hannu a naɗe, yawu na kai-komo a maƙogwaronsa, ina loma za ta wuce? Mushe Inusa ya yi loma kaɗan ya ce alhamdulillahi, wai ya ci wani abu da la'asar. Da aka zo zuba saura ya dafe murfin kwanonsa ya ce a bari. Washegari ya zo a makare. Rana ta gaba bai zo ba sam, ya aiko cewa kansa na ciwo.

A daren nan Gado ya naɗe tabarma da wuri. Da safe na iske shi a shago ya cika ya yi fam, yana yi wa masu dako faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abdurrazak na gefe yana lallashinsa, yana cewa ai jiki zai saba. Nan Gado ya juyo.

“Kai, saurara. Tuwon dare ba ni barin shi. Jikin ga kuma sai na rage shi, ko shina so ko bai so. Cikina ba ya da agogo.”

Abdurrazak ya ce Baba, likita fa ya faɗa, abin da aka ci da dare kwanciya yake a jiki tunda mutum barci zai yi. Gado ya ce to shi zai biya da rana. Ya kira mai furar da ke kawo masa kullum da hantsi ya sallame ta. Ya ce wa mai tsire ko gaisuwa kada ya ƙara tsayawa yi masa, don ƙamshin ma jaraba ne. Ya aika gida wa matarsa Tasalla cewa kunu da ƙosan safe a ba yara, shi ruwan zafi ya ishe shi. Da dare kuwa ya aika aka gaya wa Mushe wai likita ya janye dokar. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ni aka aika.

Mushe ya dawo. Gado ya zauna ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji, ya yanko loma. Na ga kafaɗun Mushe sun sauka. A daren kwanonsa ya koma gida da nauyinsa na da.

Daga nan Gado ya shiga wani hali da ban taɓa zaton zai iya ba. Yana da fili a gonakin ban-ruwa na Jiratawa, inda yake noma zogale da barkono, da can sai dai ya je a mota ya tsaya a inuwa ya nuna da sanda. Yanzu sai ya sauka tun kafin a kai, ya taka sauran da ƙafa, ɗamara ɗaure a ciki, gumi na zuba har cikin takalmi. Manoman wurin suka yi ta dariya, ya ce su yi, haƙoransu ne. Ya dawo kasuwa da azahar ido ya faɗa, ya zauna a cikin buhunan gero yana hamma. Mutumin da hatsin shagonsa zai ciyar da unguwa guda, ga shi yana wuni da ruwa da ɗan goro. Haushi ya riƙa cinsa, ya zama ba a iya yi masa magana kafin la'asar. Na tausaya masa ƙwarai, amma in na ce sannu sai ya harare ni.

Mutanen kasuwa kuwa abin nema ya samu. Dama an saba da gardama tun da aka buɗe bakin kowa da dimokuraɗiyya, sai layinmu na kasuwa ya rabu biyu. Wasu suka ce likita ya fi shi sani, tuwon dare kitse ne kai tsaye. Wasu suka ce to masu azumi fa, ba da dare suke ci ba, ga shi suna ramewa? Na farkon suka ce wane azumi, akwai wanda ke fita Ramadan ya fi yadda ya shiga. Wani dillali har ya ce a kafa akwati a yi zaɓe. Duk ranar Juma'a Gado kan hau ma'aunin buhuna na shagonsa, jama'a su kewaye, kowane ɓangare na jiran ya kunyata ɗayan. Allurar ta riƙa sauka, amma a hankali, yadda ba wanda ya samu abin yin guɗa. Masu goyon likita suka ce da ya bar tuwon da ta fi haka gudu. Masu goyon Gado suka ce ai dai ba hawa take ba. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa mutum zai zaɓi yunwar rana a kan ta dare, waɗanda muka sani kuma muka yi gum.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, ni na raka su. Likita ya auna shi, ya ce ya yi ƙoƙari, amma da saura. Ya tambaye shi ko ya bar cin dare. Gado ya dube shi ido cikin ido ya ce bai bari ba, kuma ba ya da niyya. Na zaci likitan zai yi fushi, sai ya ajiye alƙalaminsa kawai. Ya ce shi ba da agogo yake faɗa ba. Mutumin da ya wuni da yunwa, ya zauna cikin abokai a gaban akushi, hannunsa ba ya sanin iyaka, daga nan kuma sai shimfiɗa. Ya ce ƙabar tana girma, ranar da ta murɗe ba za ta jira kowa ba, asibitoci kuma ga yadda suke da yajin aiki. Ya ba shi wani wa'adin, ya ce ransa ne, shi ya san abin da ya fi masa.

A hanyar dawowa, Abdurrazak na gaba kusa da direba, na ga yana share ido da bakin hula. Ban ga laifinsa ba. Yaro ne da ke ganin ubansa na wasa da mutuwa saboda tuwo, kuma ya san ko saboda wa. Ya yi wa uban magana, uwarsa Tasalla ta yi, kawunsa ya zo daga ƙauye ya yi, duk Gado ya toshe kunne. Da ya rasa yadda zai yi sai ya tafi gidan tsohon malaminsa, ya durƙusa, ya faɗa masa komai: cewa likita bai janye doka ba, cewa Baba wuni yake ba ci, cewa ya ƙi barin ciyayya ne don kada wani ya kwana da yunwa. Bai ambaci suna ba, in ji shi daga baya. Ai ba sai ya ambata ba.

Washegari da hantsi Mushe Inusa ya shigo kasuwa cikin rigarsa ta zuwa aji. Ya gaishe ni, ya wuce shagon Gado, ya ƙi zama a kujerar da aka miƙa masa. Ina jin su ta cikin buhun da ya raba rumfunanmu. Ya ce ya zo ne ya yi godiya, kuma ya sanar cewa daga yau ba zai samu fitowa ciyayya ba, ƙungiyar malamai ta sa taro kowane dare saboda maganar albashi. Gado ya ce wane irin taro ne ba ya ƙarewa, ya zo bayan an tashi, za a jira shi. Mushe ya ce kada a jira. Sannan na ji muryar Mushe ta canza.

“Alhaji, na koya ma ɗiyanka karatu, ban yi tsammanin ɗanka za ya zo shi koya mani matsayina ba. Amma gaskiya ya hwaɗi. Ba ni cin tuwon da za a ce shi ya kashe ka. Ka bi maganar likita. Gidana Allah na nan.”

“Wa ya ce maka don kai nika ci?” in ji Gado.

“Kar ka ƙara mani da ƙarya, ta farko ta isa.”

Ya fito ya wuce ta gabana bai ko dube ni ba, ya tuna wanda aka aika da ƙaryar farkon. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni. Na leƙa shagon na tarar Gado zaune ya dafe cibiya da hannu biyu. Ya aika aka kira Abdurrazak. Na ɗauka zai ci mutuncinsa a gaban jama'a, amma sai ya dube shi kawai ya daɗe, ya ce ya san tsoro ne ya sa shi, Allah ya yi masa albarka, amma ya tashi daga gabansa yau.

Duk wunin ranar bai yi ciniki ba. Mutane suka ce to magana ta ƙare, mai dalili ya janye, yanzu Gado zai bi doka ya huta, kowa ya ci a gidansa. Ni ma haka na zata, har na fara tunanin watakila hakan ya fi. Mutum ɗaya ya tsira da lafiyarsa, ɗaya da mutuncinsa. Yaran Mushe ne kawai ban san inda zan ajiye su a wannan lissafi ba.

Bayan isha'i muka fito da kwanukanmu kamar kullum, mu biyar da muka rage, muka tarar ba a shimfiɗa tabarma ba. Gado na tsaye a ƙofar gida, ya ƙara tamke ɗamararsa, babban akushin tuwon Tasalla na gabansa a ƙasa. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka. Abdurrazak ya fito da gudu zai karɓa, ya ce masa ya matsa. Tasalla daga bayan ƙyaure tana cewa Alhaji nauyi fa, likita ya hana ka ɗaukar nauyi. Ya ce likita ya hana abubuwa da yawa.

Ya kama hanya, muka bi shi a baya da namu kwanukan. Gidan hayar Mushe yana can ƙarshen unguwa, bayan injin niƙa. Mutanen da ke zaune a ƙofofinsu suka bar hira suna kallon Alhaji Gado, mai shagon hatsi, rungume da akushi a tsakiyar titi kamar wanda aka aika. Wani ya yi dariya, wani ya tambaya ko lafiya. Gado ya ci gaba da tafiya. Sau biyu yana tsayawa ya jingina da katanga yana numfashi, kowane karo na miƙa hannu ya kauce.

Ƙofar Mushe a rufe take, ba fitila. Babu wani taron malamai, takalmansa na nan a bakin zaure. Gado ya ajiye akushin, ya zauna a ƙasa a kan turɓaya da babbar rigarsa, mu ma muka zazzauna. Ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya sake. Maƙwabta suka fara leƙowa. Sai ya ɗaga murya yadda na ciki zai ji sarai.

“Inusa, ni na, Gado. Tun tuwon jiya ban sa komi bakina ba. Ka ce ba ka zuwa ƙohwata, to ga ni ƙohwarka. Ba ni ci sai ka hito, kuma ba ni tashi. In ka ga dama ka bar baƙo da yunwa, mutanen unguwa na gani.”

Muka zauna. Tuwo na hucewa, sauro na cizo, wani daga cikinmu ya fara gunaguni a hankali cewa wannan ai tozarta mutum ne. Ni ma zuciyata ta raya mini haka, na ji tsoron kada abin ya ƙare da gaba ta har abada. Daga ciki muna jin muryar Azumi matar Mushe tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Gado ya jingina da bango, ya rufe ido, gumi na bin wuyansa, hannu ɗaya a kan ƙabar. Abdurrazak da ya biyo mu daga nesa ya tsuguna can gefe.

An jima sakata ta motsa. Mushe Inusa ya fito ba hula, tabarma a hammata, ƙwaryar ruwa a hannu. Ba shi da kwano a wannan dare, bai kuma yi kamar yana da shi ba. Ya tsaya a kan Gado yana dubansa.

“Kai mugun mutum na, Gado.”

“Na sani. Shimhiɗa muna, ƙasar ga da sanyi.”

Mushe ya shimfiɗa tabarmar. Sai da mu biyu muka kama Gado kafin ya iya tashi ya koma kanta. Mushe ya durƙusa ya miƙa masa ƙwaryar, ya riƙe masa ita da hannu biyu har ya gama wanke hannu, sannan ya zagaya da ita kan sauranmu ɗaya bayan ɗaya.